Ciwon da Ke Bin Gida: Kwana Goma Sha Biyu a Guangdong

Na'ura ce ta kai ni ƙasar Sin. Ina da ɗan ɗakin gwajin jini a Kano, shekara goma sha ɗaya ke nan muna lallaɓawa, kuma na daɗe ina burin in ƙara da na'urar hoton ciki, in sauya injin ƙirga jini da ya tsufa a hannunmu. Abokaina 'yan Kwari da suka saba da hanyar suka ba ni shawarar in daidaita tafiyata da baje-kolin Canton na kaka, wanda ake yi a birnin Guangzhou, domin a zangonsa na uku ake fito da kayan asibiti. Haka kuwa aka yi. Daga Kano muka ya da zango a Addis Ababa, daga nan sai filin jirgin Baiyun na birnin Guangzhou. Na sauka a unguwar Xiaobei, inda da wuya ka yi taku ashirin ba ka ji sallama da muryar gida ba, ga gidajen abincin halal na Musulmin Sin jere a bakin titi.

Wani Alhaji mai shigo da yadi ne ya haɗa ni da tafinta. Saurayi ne, bai kai talatin ba, ya yi shekaru yana yawon kasuwanni da mutanen Kano har ya tsinci 'yar Hausa. Alhaji yake ce mini, kamar yadda yake ce wa duk wanda ya gani da hula. Ya iya "sannu da aiki", ya iya "nawa ne gaskiya", sauran zancenmu da Turanci muke yi. Kwana biyun farko a Pazhou muka yi su, inda ake baje-kolin, muna bin rumfa-rumfa har ƙafa ta kumbura. Labarin ciniki ba shi na zauna rubutawa ba.

Daren na biyu ya ce, "Alhaji, gobe da safe ka yi mini uzuri, zan je a ɗebi jinina." Mai sana'ar jini ba ya jin irin wannan ya yi shiru. Na ce lafiya dai ko? Ya ce lafiya lau, duk shekara yake yi. Sai ya ɗora yatsa a gefen wuyansa, ƙasan kunne, ya ce a nan mahaifinsa ya fara jin ƙullutu, kuma bai cika hamsin ba ya rasu. Ƙanin mahaifin ma ya yi irin ciwon, amma shi an gano da wuri, yana nan da ransa. Da Sinanci biyan ai ake kiran ciwon, wato kansar da ke fitowa can bayan hanci, a saman maƙogwaro, wurin da ko ka wage baki gaban madubi ba za ka hango ba. A bakin mutanen gari kuwa, in ji shi, sunanta kansar Guangdong, wato lardin da birnin Guangzhou yake ciki.

Na san sunan ciwon tun muna makaranta, amma ban taɓa jin an jingina cuta ga lardi guda kamar sunan kakanni ba. Na roƙe shi ya bar ni in raka shi.

Cibiyar Kansa ta Jami'ar Sun Yat-sen tana kan titin Dongfeng, ba nisa da masaukina, kuma tun 1964 take. Da sassafe muka isa, amma mun tarar da wurin ya cika maƙil, wasu da jakunkunan tafiya, alamar daga nesa suka kwano. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gorar ruwa. Maza da yawa masu matsakaicin shekaru suna riƙe da ita, suna kurɓa bini-bini. Tafintana ya ce waɗanda aka yi wa gashi ne. Wannan kansar da gashin na'ura aka fi maganinta, tunda inda take wuƙa ba ta kaiwa cikin sauƙi, gashin kuma yakan taɓa inda yawu ke fitowa, sai baki ya riƙa bushewa. Ya ce baffansa ko barci zai yi sai da gora a gefen matashi.

A mafi yawan ƙasashen duniya, cikin mutum 100,000 da ƙyar ake samun ɗaya da wannan kansa a shekara. A wasu sassan Guangdong da maƙwabcinsa lardin Guangxi kuwa, maza 20 zuwa 30 ake samu cikin 100,000. Kusan rabin masu kamuwa da ita a duniya a Sin suke. Ta fi kama maza, ninki biyu zuwa uku a kan mata, kuma ba ta jiran tsufa, magidanci ɗan arba'in da wani abu take ɗauka, lokacin da 'ya'ya ke makaranta. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ciki ɗaya ya yi ta, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau huɗu zuwa goma. Shi ya sa yaron nan yake bin layin nan kowace shekara.

To me yake bin gidan? Da farko na ɗauka amsar guda ce kamar ta sikila: uba AS, uwa AS, a jira abin da Allah zai yi a kowane ciki. Sai da na kwana ina karatu a wayata, na haɗa da abin da na gani, sannan na gane wannan tukunyar a kan duwatsu uku take zaune, kamar murhun gidanmu.

Dutse na farko ƙwayar cuta ce, Epstein-Barr, EBV a taƙaice. Labarinta ma daga Afirka ya faro. A 1958 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt ya bayyana wata kansa da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda, kuma a cikin naman irin wannan kumburi da aka aika Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango ƙwayar a 1964. Ta yawu take yaɗuwa, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita, har da ni da mai karatu, galibi tun muna yara, ba tare da ta yi mana komai ba. Idan kowa na da ita, me ya sa sai a kudancin Sin take wannan ɓarnar? A 2019 masu bincike na wannan cibiya da abokan aikinsu na Singafo suka karanta ƙwayoyin gadon ita kanta EBV ɗin, suka tarar da cewa irin da ya yawaita a kudancin Sin yana da wasu 'yan sauye-sauye a wani sashe da ake kira BALF2, kuma lissafinsu ya ɗora fiye da kashi 80 na haɗarin ciwon a yankin a kan wannan iri. Ashe ita ma ƙwayar cutar tana da dangi da asali, kuma da yake a cikin gida yaro ya fi ɗaukarta, tana bin zuri'a kamar gado alhali ba gado ba ce.

Dutse na biyu shi ne gadon na gaskiya. Akwai rukunin ƙwayoyin gado da ake kira HLA, aikinsu irin na mai unguwa ne: duk baƙon da ya sauka a cikin ƙwayar jiki, su ke kai rahotonsa ga dakarun garkuwar jiki. Kowa da irin nasa da ya gada, rabi daga uwa, rabi daga uba. Wani mai unguwar idonsa a buɗe yake a kan EBV, wani kuwa takan wuce ta gabansa bai shaida ta sosai ba. Tun shekarun 1970 aka lura a Singafo cewa nau'o'in da ake kira A2 da B46 sun fi yawa a cikin Sinawa masu wannan kansa, daga baya kuma aka ga nau'in A11 yana da kariya. A 2010 wani babban bincike ƙarƙashin Farfesa Zeng Yixin, wanda ya duba kimanin mutum 10,000 'yan kudancin Sin, marasa lafiya da masu lafiya, ya tabbatar da cewa HLA ne ya fi nauyi, ya kuma gano wasu wurare uku masu ƙaramin tasiri. Babu ɗaya daga cikinsu da ke yanke wa mutum hukunci. Miliyoyin mutane suna yawo da su har su tsufa lafiya.

Dutse na uku sai da na je Sihui na gan shi da idona.

Sihui ne garinsu tafintan, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna yamma da Guangzhou. Garin ya shahara da kasuwar dutsen ado da ake kira jed, da wani ɗan ƙaramin lemo mai zaƙi, wanda lokacin da na je bai gama nuna ba. A wurin likitoci kuma ya shahara da wannan kansa, tun shekarun 1970 ake rubuta duk wanda ya kamu da ita a garin. Mahaifiyarsa ta tarbe ni da fara'a, ta sa ya tambaye ni abin da nake ci da wanda ba na ci, ta dafa mini kifi da ganye a sabuwar tukunya saboda ni. Baffan yana zaune da gorarsa, muryarsa a ɗan dushe, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Ya ce shi da toshewar kunne ya fara, da ɗan jini-jini a majina da safe, ya ɗauka mura ce. Rasuwar yayansa ce ta sa matarsa ta matsa masa ya je asibiti, ba don haka ba da ya zauna.

Da na tambayi irin abincin da suka tashi da shi, uwar ta shiga ciki ta fito da wani kifi a nannaɗe cikin takarda. Haam yu suke ce masa da yaren Kanton, kifi mai gishiri. Ba irin bandarmu ba ne da ake yi da hayaƙi. Wannan gishiri ake cusa masa, a bar shi ya ɗan ruɓa, sannan a shanya, warinsa kamar na daddawa mai ƙarfi. Ta ce a zamanin talauci ɗan ɓalli kaɗan ya isa a cinye kwanon shinkafa, kuma da shi ake yaye yara, a marmasa shi cikin kunun shinkafa. Wani likitan Hong Kong, John Ho, shi ya fara nuna wa kifin nan yatsa a farkon shekarun 1970, bayan ya lura da yawan ciwon a cikin masunta mazauna kwale-kwale, waɗanda kusan shi ne mahaɗinsu kullum. Binciken da ya biyo baya ya nuna cin sa tun ana yaye ya fi haɗari a kan cin sa da girma. Akwai sinadaran nitrosamin a cikinsa, kuma hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa shi cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Uwar ta ce yanzu sai jefi-jefi take dafawa, don marmari, kuma jikokinta ba ta taɓa ba su ba. Ta faɗi haka ne tana kallon ƙasa. Na ji nauyin tambayar da na yi, domin wannan baiwar Allah da abin da take da shi ta ciyar da iyalinta.

Shaidar cewa duwatsun nan tare suke aiki tana wurin waɗanda suka yi ƙaura. Jikokin Sinawan kudu da suka zauna a Amurka ciwon ya ragu a cikinsu idan aka kwatanta da kakanninsu, amma bai sauko daidai da na Turawan da suke maƙwabtaka da su ba. A Hong Kong ma shekara da shekaru yana raguwa, tun da firji ya shiga gidaje, abinci ya sauya, alhali jinin mutanen bai sauya ba.

A mota muna dawowa ya buɗe mini cikinsa. Akwai yarinyar da yake nema, kuma har yau bai faɗa wa iyayenta abin da ya kashe mahaifinsa ba, yana tsoron su ce gidansu gidan ciwo ne. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnena. Mu ma idan an tashi binciken aure akan tambayi asali, a tambayi ko akwai kuturta ko farfaɗiya ko taɓin hankali a dangi, kuma na sha ganin an fasa aure a kan cutar da ba a gadonta ma sam. Na ce masa, "Ɗan'uwa, abin da ka gada shi ne dalilin zuwa gwaji, kuma kana zuwa. Wanda bai san tarihin gidansu ba bai fi ka tsira ba." Na kawo masa binciken Farfesa Dennis Lo na Hong Kong da aka buga a 2017. An gwada jinin maza 20,174 masu shekara 40 zuwa 62 da ba sa jin ciwon komai, ana neman ɓurɓushin EBV, aka samu 34 da kansar, kuma kashi 71 cikin ɗari nasu tana matakin farko ko na biyu. A da, idan aka jira sai mutum ya kawo kansa, kashi 20 kacal ake samu a wannan mataki. Wadda aka kama da wuri kuwa, mafi yawan masu ita suna warkewa. Baffansa da gorarsa shi ne shaida. Ya yi shiru, can ya ce zai faɗa musu kafin bikin sabuwar shekararsu.

Ranar Juma'a na yi salla a masallacin da ke kusa da kabarin da mutanen garin ke dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, cikin taron Sinawa da Larabawa da 'yan Afirka ta Yamma. Na roƙa wa yaron nan lafiya. Washegari muka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa gabas, wajen awa uku, domin masana'antar da na daidaita da ita a kan na'urar hoton ciki a Shantou take.

A can na ga gado iri na biyu, wanda shi a fuska yake rubuce. Bayan mun zagaya masana'anta, manajan ya shirya mana liyafar dare. Aka kawo farar giyarsu mai ƙarfi da ake kira baijiu. Tafintana ya yi musu bayani, ba wanda ya matsa mini, suna ma da karin magana na cewa shayi ya tsaya a madadin giya, aka cika mini kofi da shayi. Akwai wani matashi mai kula da cinikin ƙasashen waje a gefena. Ƙaramin kofi ɗaya ya sha, kafin minti goma fuskarsa da wuyansa har kunnuwa sun yi jawur kamar gauta. Abokan aikinsa suka yi dariya, suka ce mai jan fuska shi ne gwanin sha, suka ƙara masa.

Wannan jan fuskar na san ta, kuma ba gwaninta ba ce. Idan giya ta shiga jiki, hanta takan fara mayar da ita wani sinadari mai guba, asetaldehaid, sannan wani ma'aikacin sinadari mai suna ALDH2 ya warware gubar ta zama abu marar cutarwa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen gabashin Asiya, wato Sin da Japan da Koriya, sun gaji nau'in ALDH2 da ba ya aiki. An ƙiyasta su da mutum miliyan 540, kuma nau'in ya fi yawa a kudu maso gabashin Sin, daidai inda muke zaune a daren nan. Lissafinsa irin na AS da SS ne, sai dai sakamakon a juye yake. Wanda ya gada daga uwa da uba duka, ko kurɓa ya yi sai amai da bugun zuciya, don haka ba ya sha, ya tsira. Wanda ya gada daga ɓangare ɗaya shi ke cikin tarko: fuska ta yi ja, kai ya sara, amma yana iya daurewa har ya saba. Gubar nan tana taruwa a jininsa da yawunsa, tana lalata ƙwayoyin gadon fatar maƙoshi, hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. Binciken da aka yi a Japan da Taiwan ya nuna haɗarin kansar maƙoshi a wurin irinsa ya ninka sau da dama a kan na wanda ke shan daidai abin da yake sha amma nasa ALDH2 ɗin lafiyayye ne. Har akwai masu haɗiyar maganin gyambon ciki kafin liyafa don ya ɓoye jan, alhali gubar tana nan, ƙararrawar kawai aka kashe.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne binciken Kadoorie, wanda Jami'ar Oxford da masanan Sin suka haɗa hannu a kai. Sun ɗauki mutum fiye da 512,000 daga yankuna goma tsakanin 2004 da 2008, suna bin lafiyarsu. A 2022 suka fitar da abin da suka gani a kan kimanin 150,000 da aka karanta ƙwayoyin gadonsu. Mazan da suka gaji nau'in nan daga ɓangare biyu, waɗanda kusan ba sa sha, haɗarin kansarsu gaba ɗaya ya yi ƙasa da kashi 14 cikin ɗari. Masu ɓangare ɗaya da ke sha a kai a kai kuwa, kansar maƙoshi da ta baki da wuya ta fi yawa a cikinsu. Sai mata. Su ma suna ɗauke da nau'in daidai da maza, amma da yake kashi 2 cikin ɗari ne kawai nasu ke sha a kai a kai, ba a ga nau'in ya ƙara musu ko ya rage musu komai ba. Ƙwayar gado ɗaya ce, a jikin wannan ta zama garkuwa, a jikin wancan ta zama wuƙa, a jikin waccan ta kwanta shiru har ƙarshen rayuwa. Abin da aka zuba mata ne ya bambanta.

Da aka tashi na ja matashin gefe, tafinta a tsakaninmu. Ni addinina ya raba ni da giya, amma ba wa'azi na yi masa ba, maganar ɗakin gwaji na yi. Na ce jikinsa na yi masa magana da babbar murya, kuma ba kowa ke da wannan gatan ba. Ya saurara da ladabi, ya ce ya taɓa jin haka, amma a sana'arsu idan babban baƙo ya ɗaga kofi ya ce ganbei, wato a shanye, ƙin sha kamar ƙin cinikin ne. Ban da amsar da zan ba shi a kan wannan. Na dai ce ga ni nan, na sayi na'ura da kofin shayi. Har yau yana faɗo mini a rai.

Shayin kansa ma akwai magana a kansa. Mutanen Chaoshan, wato Shantou da Chaozhou da kewaye, ba su da na biyu a shan shayi. Ko'ina ka shiga, ofis ko shago, akwai faranti da ƙananan kofuna uku kamar rabin ƙwai, a zuba yana tururi, a ce ka sha da zafinsa. Na tuna majalisar masu ataya a gida. Yankin yana cikin inda kansar maƙoshi ta yi katutu, musamman tsibirin Nan'ao, kuma kusan rabin masu wannan kansa a duniya a Sin suke. A 2016 hukumar nan ta Lyon ta ce abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 mai yiwuwa ne yana jawo ta. Binciken Kadoorie kuma ya ga cewa shayi mai ƙuna ya fi yin ɓarna idan ya haɗu da taba ko giya. Na ga hikimar mai shayinmu da ke sheƙa shi tsakanin kofi biyu kafin ya miƙo.

Wani abin mamaki shi ne, ɗaya cibiyar wannan ciwo tana can arewa, fiye da kilomita dubu daga nan, a duwatsun Taihang, musamman gundumar Linxian ta lardin Henan, wadda yanzu ake kira Linzhou. Mutanen can suna da tsohuwar magana cewa abu uku ne ba sa wucewa a garinsu: ruwa, hanya, da abinci a maƙoshi. Tarihin Chaoshan ya ce kakanninsu daga tsakiyar ƙasar suka gangaro, suna gudun yaƙe-yaƙe, kuma masu bincike na Jami'ar Shantou da suka kwatanta gadon da ke bin layin uba sun ga dangantaka tsakanin al'ummomin biyu. A 2010 an gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PLCE1 da ke ƙara haɗarin ciwon a cikin Sinawa, amma ƙarin kaɗan ne. Kakannin sun taho da jininsu, sun kuma taho da tulun ganyen tsami da son abinci mai zafi, kuma raba waɗannan biyun shi ne aikin da ya ci wa masana shekaru.

A jirgin dawowa tafintana ya tambaye ni ko duk kansar da ta yawaita a cikin Sinawa gado ce. Na ce a'a, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai sauyin da ake haifar mutum da shi, yana cikin kowace ƙwayar jikinsa, yana iya ba ɗansa. Akwai kuma wanda ke faruwa daga baya a cikin kumburin kaɗai. Kusan rabin Sinawa masu wani nau'in kansar huhu, da yawansu mata da ba su taɓa shan taba ba, ana samun sauyi a ƙwayar gado mai suna EGFR a kumburinsu, alhali a Turawa bai fi kashi 10 zuwa 15 ba. Wannan ba a ba wa ɗa, amma saninsa ya sa ana ba su ƙwayar magani da ta dace da shi. Kansar hanta ma tana bin gida a Sin, amma babban dalilinta ciwon hanta nau'in B ne, wanda uwa ke ba jariri wajen haihuwa, sai gubar fumfunar da ke kama masara da gyaɗa. A 1992 kusan kashi 10 cikin ɗari na yaran Sin 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar. Da aka dage da rigakafi tun ranar haihuwa, zuwa 2014 ba su kai kashi ɗaya ba. Wannan ya taɓa ni, domin da wuya mako ya wuce ban miƙa wa wani matashi takardar da ke cewa yana da ita ba, musamman tun da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, ga gyaɗa da masara kuma su ne abincinmu.

Abin da na yi wa Sinawa sha'awa shi ne sun zauna sun karanci jinin mutanensu da kansu. Mafi yawan binciken ƙwayoyin gado na duniya a kan Turawa aka yi shi, kuma da sun tsaya jiran wannan, da ba a san labarin B46 ko BALF2 ba, tunda ba ciwon Turai ba ne. Mu ma muna da namu. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka buga a 2018 a kan mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan ya samu kusan kashi 15 cikin ɗari da sauyin da suka gada, mafi yawa a ƙwayoyin gado masu suna BRCA1 da BRCA2. Wannan adadi babba ne. Ni kuwa a ɗakin gwajina, idan mace ta zo ta ce uwarta da innarta duk sankarar mama ce ajalinsu, abin da nake da shi bai wuce in ce ta riƙa zuwa ana duba ta ba. Tun da na dawo na ƙara layi ɗaya a takardar da muke cikewa: akwai wanda ya yi kansa a gidanku, wace iri, yana da shekara nawa?

Na'urar ta iso bayan wata biyu, ta Legas, lafiya lau. Kafin ita saƙon tafintana ya riga ya shigo ta manhajar WeChat, hoton takardar asibiti da rubutun Sinanci, a ƙasa ya rubuta da Hausarsa: "Alhaji, jini lafiya." Ya ce ya faɗa wa iyayen yarinyar, uban ya yi tambayoyi da yawa, daga ƙarshe ya ce shi ma a kai shi a gwada nasa. Saura ƙaninsa da ke aiki a Shenzhen, wanda har yanzu yake cewa ba shi da lokaci. Na ce ya turo mini lambarsa.